Ina Ciniki, Amma Jarina Sai Narkewa Yake Yi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu. Bara wata ƙungiya ta koya mana ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, aka ba mu jari. Da kwano takwas na gyaɗa na fara, yau uku ma da ƙyar nake iya saye, alhali kayana ba sa kwantai. Maƙwabciyata ta ce baki ne. Yaya zan yi?
Uwar marayu, Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan maigida, Ya raya mana yaran nan. Ki riƙe addu'a, amma ni na fi zargin tukunyar gida. Sau da yawa a irin wannan horo ana koya wa hannu aiki, a manta da lissafi, sai mace ta wayi gari kuɗin gyaɗa da kuɗin cefane duk a bakin zane ɗaya suke.

Mahaifiyata da ƙuli ta rene mu. Gwangwani biyu take da su a ƙarƙashin gado. A lissafinta, man shi ke mayar da kuɗin gyaɗa, ƙulin da ta soya daga tunkuza shi ne namu. Ko kuka muke yi ba ta taɓa gwangwanin man. A lokacin muna ganin tsanani ne. Ki yi haka, ki yanka wa gida abin da zai riƙa ɗauka kullum, kada ya wuce.

Sai ki zauna ki ƙirga abin da kowane suya ke ci: niƙa a inji, itace, gishiri, leda, kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu wanda bai tashi ba a cikinsu. Ki sa farashinki bisa kuɗin gyaɗar da za ki sayo gobe, domin idan kika bi farashin jiya, kwanonki ne zai ci gaba da raguwa. Bashi kuma, ko 'yar ɗakinku ce, a rubuta.

Ina matan da aka horar da ku tare? Ki nemo huɗu ko biyar, ku ɗaura adashi, da kaka ku je kasuwar Dawanau ku ɗauko buhu ku raba. Ya fi awon kwano a unguwa sauƙi nesa ba kusa ba. Idan kuka yi rajistar ƙungiyar gama-kai, za ku fi samun kunnen hukumomi irin SMEDAN, wato hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta ƙasa.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki cire yarinya daga makaranta saboda talla. Ki aika a tambayi masu tsire na unguwarku, kullum suna buƙatar garin ƙuli da mai, kuma har gida za su aiko a karɓa. Bayan wata biyu ki rubuto mini kwano nawa kika kai.