Tambayoyi da Amsoshi Kan Fasaha: Kwashe ajiyayyun shafukan burauza daga wata kwamfuta zuwa wata

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan shafukan nan da muke danna wa tauraro a Chrome, Edge ko Firefox don kada mu sake wahalar neman adireshinsu. A kan allo sunansu Bookmarks, Edge kuma yana kiransu Favorites. Mu a nan bukmak za mu riƙa cewa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajista a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Na sayi sabuwar kwamfuta, tsohuwar kuma mai Windows 7 ce. A Chrome ɗinta na jera shafuka sun fi ɗari, na JAMB da WAEC da NECO da Remita da na makarantu, kowane rukuni da foldarsa. Yaya zan mayar da su sabuwar ba tare da na bi su ɗaya bayan ɗaya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin minti biyar ne. Buɗe Chrome a tsohuwar, ka danne Ctrl da Shift da harafin O tare, shafin da ake kira Bookmark manager zai buɗe. A nan mutane da yawa ke ɓata, domin ɗigo uku iri biyu ne a gefen dama: akwai na can ƙololuwa wanda na burauzar ne, akwai na ƙasa da shi, daidai layin akwatin bincike na shafin. Na ƙasan kake so. Danna shi ka zaɓi Export bookmarks. Zai ba ka fayil guda da sunansa ya fara da bookmarks, sai kwanan watan ranar, ya ƙare da .html. Duk foldojinka da jerinsu suna cikinsa, kuma ba shi da nauyi, da wuya ya wuce megabait ɗaya ko biyu.

A sabuwar kwamfutar ka bi hanyar nan dai, amma ka zaɓi Import bookmarks, ka nuna masa fayil ɗin. In babu bukmak ko ɗaya a sabuwar, za su zauna kai tsaye yadda ka jera su. In da akwai wasu tun farko, za ka same su a wata folda mai suna Imported. Idan ba ka ga layinsu a ƙarƙashin wurin rubuta adireshi ba, ba su ɓace ba, layin ne a ɓoye. Ctrl da Shift da B za su fito da shi.

Kurakurai uku ne aka fi yi. Wani sai ya danna fayil ɗin sau biyu, ya ga jerin shafukansa sun buɗe da shuɗin rubutu, ya ɗauka aiki ya gama, alhali kallon fayil ɗin kawai yake yi, bai shigar da komai ba. Wani kuma ya yi Import har sau uku don bai ga sakamako da wuri ba, ya wayi gari da kowane shafi kashi uku, saboda shigarwar ƙari take yi, ba ta duba ko akwai irinsa. Na uku ya shafi shago irin naka, inda yaran shago kan buɗe nasu ɓangaren a Chrome, mai hoton kansu a sama. Kowane ɓangare da nasa bukmak, don haka sai an shiga kowanne an fitar da nasa fayil daban.

Wajen ɗaukar fayil ɗin, filash zai yi, sai dai filash ɗin da ya sha yawo a kwamfutocin shago yakan kwaso ƙwayar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Sabuwar kwamfuta ba ta cancanci wannan tarbar ba. Tura wa kanka fayil ɗin ta imel, ka sauke shi a can, ka ga kuma ka sami kwafi na biyu a ajiye.

Ka yi daidai da ka bar tsohuwar. Chrome 109, na farkon 2023, shi ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, kuma ya daɗe da daina samun gyaran tsaro. Bai dace a riƙa biyan kuɗin mutane da irinsa ba.

Tambaya: To kalmomin sirrin da Chrome ya riƙe min fa, su ma suna cikin wannan fayil?

Amsa: A'a. Sunan shafi da adireshinsa da ɗan tambarinsa kaɗai ke ciki. Kalmomin sirri hanyarsu daban, a cikin saitin Password Manager akwai Export passwords, kuma sai ka sa kalmar buɗe Windows ɗinka kafin ya yarda. Fayil ɗin da zai fito mai .csv ne, kuma a fili yake rubuta komai, duk wanda ya buɗe shi da Excel ya karance ka tsaf. Shi kam kada a tura shi ta imel ko WhatsApp. Da ka shigar da shi a sabuwar, goge shi daga filash, ka kuma zubar da kwandon shara na kwamfutocin biyu.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Daura. Laftof ɗina ta daina tashi, sai shuɗin allo take nunawa. Mai gyara ya ce sai an yi mata fomat. Shekara huɗu ina tara shafukan da nake shirya darasi da su, ban kuma taɓa fitar da wani fayil ba. Sun tafi ke nan?

Amsa: Malama, muddin ba a yi fomat ɗin ba, akwai kyakkyawan zato. Ki kira mai gyaran yanzu ki ce ya dakata. Lalacewar Windows daban, mutuwar faifan ajiya daban, kuma shuɗin allo sau da yawa na farkon yake nufi. Abin da za ki roƙe shi shi ne ya cire faifan ya sa a ɗan akwatin da ke haɗa shi da wata kwamfuta ta USB, ko kuma ya tayar da laftof ɗin da filash mai Linux, ya kwafo fayilolin kafin ya taɓa komai. Yawancin masu gyara Documents da Desktop da hotuna suke kwashewa su tsaya, domin bukmak yana cikin folda ɓoyayyiya mai suna AppData. Sai kin faɗa masa da bakinki. Ga inda suke, ki rubuta masa a takarda, inda na sa SUNA kuma sunan da kike shiga Windows da shi ne:

Na Chrome: C:\Users\SUNA\AppData\Local\Google\Chrome\User Data\Default

Na Edge: C:\Users\SUNA\AppData\Local\Microsoft\Edge\User Data\Default

A cikin Default akwai fayil mai suna Bookmarks, ba shi da wata wutsiya a bayan sunansa, da ɗan'uwansa Bookmarks.bak. Ya kwafi duk fayil ɗin da kalmar Bookmarks ta fito a sunansa. In akwai foldoji masu suna Profile 1 ko Profile 2 kusa da Default, ya leƙa su ma, wataƙila naki a can yake. Idan bai ga AppData ba, a File Explorer ya shiga View ya kunna Hidden items.

Wannan fayil ba irin na .html ba ne, maɓallin Import ba zai karɓe shi ba. Mayar da shi ake yi wurin zamansa. Bayan an sa sabon Windows da Chrome, a buɗe Chrome sau ɗaya don ya gina foldojinsa, sannan a rufe shi ƙwarai. Na ce ƙwarai saboda yakan ci gaba da aiki a ɓoye bayan an rufe tagarsa, kuma in yana raye zai iya rubuta nasa a kan wanda aka kawo. A danna Ctrl da Shift da Esc a duba Task Manager, a kashe duk wani Chrome da ya rage. Sai a shiga sabuwar Default, in akwai Bookmarks a ciki a canza masa suna zuwa Bookmarks.tsoho, a liƙa naki, a buɗe Chrome. Fayil ɗin Chrome da na Edge ƙira ɗaya ne, tunda Edge na yanzu a kan Chromium aka gina shi, wato tushen da Chrome ma yake kansa.

In Firefox kike amfani da shi, hanyar ta Roaming ce ba Local ba: AppData\Roaming\Mozilla\Firefox\Profiles. Foldar cikinta tana da suna kamar an watsa haruffa, yawanci yana ƙarewa da default-release. A kwafe ta gaba ɗaya. Bukmak da tarihin shafuka suna cikin places.sqlite, amma abin da ya fi sauƙi shi ne foldar bookmarkbackups, inda Firefox da kansa yake adana kwafi har 15, kowanne da kwanan watansa. A sabon Firefox, Ctrl da Shift da O, sai Import and Backup, sai Restore, sai Choose File, a zaɓi na baya-bayan nan. A lura, Restore share na ciki yake yi ya sa na fayil ɗin a madadinsu, saɓanin Import da ke ƙarawa.

Abu biyu za su iya kawo cikas. Laftof ɗin zamani da yawa faifansu a kulle yake da BitLocker, ko mai ita ba ta sani ba. In aka haɗa shi da wata kwamfuta zai nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda yawanci yana cikin asusun Microsoft da aka shiga laftof ɗin da shi. Sannan kalmomin sirrin Chrome ba sa bin wannan hanyar, domin an ɗaure su da Windows ɗin da ya lalace, ko an kwafi fayil ɗinsu ba zai buɗe a wani wuri ba. Na Firefox suna bi, in an ɗauki logins.json da key4.db tare.

Kafin duk wannan ma, ki buɗe Chrome a wayarki ki duba Bookmarks. In da Gmail ɗaya kike shiga su biyun kuma Sync, wato tsarin da ke daidaita bukmak tsakanin na'urori, yana kunne, za ki iya tarar da su a can suna jiranki.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Na kunna Sync don kada komai ya ɓace min. Ƙanena ya goge foldar shafukan furojet ɗina a kwamfutar gida, na duba waya na ga nan ma babu. Ina amfanin Sync ɗin ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, Sync bai saɓa alkawari ba, fahimtar da aka yi masa ce ba daidai ba. Madubi ne shi, ba rumbu ba. Aikinsa ya sa duk na'urorinka su yi kama da juna, ka ƙara a nan ya ƙara a can, ka goge a nan ya goge a can, cikin 'yan daƙiƙu in akwai intanet. Ba ya tambayar wa ya goge.

Abin yi ya danganta da yadda aka bar kwamfutar. In shafin Bookmark manager yana nan a buɗe tun lokacin gogewar, Ctrl da Z na iya dawo da foldar nan take. In ba haka ba, fatanka yana kan Bookmarks.bak da na ambata wa Malama a sama. Chrome yana sabunta wannan fayil ne a lokacin da aka tashe shi, wato hoton yadda bukmak suke a farkon zaman ne. Ka ga ke nan abin da hankali ke fara raya wa mutum, wato bari in rufe in sake buɗewa ko za su dawo, shi ne ke kashe maganar, don sabon buɗewar zai maye kwafin mai kyau da wanda aka riga aka goge. Ka cire intanet tukuna, ka kwafe Bookmarks.bak zuwa Desktop, sannan ka rufe Chrome. Canza sunan Bookmarks zuwa wani abu, ka mayar da Bookmarks.bak ya zama Bookmarks ta hanyar cire .bak ɗin. Buɗe Chrome har yanzu babu intanet, in foldar ta dawo ka yi Export nan da nan. Sai ka mayar da intanet. Idan Sync ya sake share ta, ba komai, ka shigar da ita daga fayil ɗin .html, zai karɓe ta a matsayin sabuwa.

In an riga an buɗe an rufe sau da yawa, ka tuna ko akwai wata na'ura mai asusunka da ba ta hau intanet ba tun kafin abin ya faru, tsohuwar laftof ko wayar da ke aljihun tebur. Kashe mata Wi-Fi da data kafin ka buɗe Chrome, domin da ta ji intanet za ta bi sahun sauran.

Ni shawarata a bar Sync a kunne, yana da amfani, amma a haɗa shi da fayil ɗin .html sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace tafiya wajen mai gyara. A bar kwanan watan da ke jikin sunan fayil ɗin, kada sabo ya hau kan tsoho. Ƙanen naka kuma ka buɗe masa nasa ɓangaren a Chrome, ta hoton da ke sama a dama, sai Add.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, a Chrome na wayar Android nake ajiye shafuka. Ina maɓallin Export yake?

Amsa: Babu shi a waya. Hanya biyu ce, dukkansu kuma sai bukmak ɗin suna hawa asusunka na Google. Ko dai ka shiga asusun a Chrome na wata kwamfuta da ka amince da ita, ka sami foldar Mobile bookmarks, ka yi Export, sannan ka cire ɓangarenka daga kwamfutar gaba ɗaya kafin ka tashi. Ko kuma daga wayar ka shiga takeout.google.com, ka danna Deselect all, ka zaɓi Chrome kaɗai. Google zai turo maka saƙo da hanyar sauke fayil a dunƙule, bukmak ɗin suna ciki a matsayin .html. Ta biyun ta fi, don ba sai ka sa kalmar sirrinka a kwamfutar kafe ba.

Tambaya: A ofishinmu a Katsina akwai tsohuwar kwamfuta da Internet Explorer kawai aka yi amfani da shi. Nasa shafukan fa?

Amsa: Nasa sun fi kowanne sauƙi, Alhaji. Ba a dunƙule suke ba, kowane shafi ɗan fayil ne mai zaman kansa a C:\Users\SUNA\Favorites. Kwafe foldar Favorites ɗin kacokan ka zuba abin da ke cikinta a takwararta ta sabuwar kwamfuta, sannan a saitin Edge ka nemi Import browser data ka zaɓi Internet Explorer. In sabuwar ba ta nuna wannan zaɓin ba, ka koma tsohuwar: a Internet Explorer danna Alt don layin File ya fito, ka shiga Import and export, ka zaɓi Export to a file, ka sa alama a Favorites. Zai ba ka fayil mai suna bookmark.htm, wanda Chrome da Edge da Firefox duk suke karɓa. Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya a watan Yunin 2022, shafukan da aka ajiye a zamaninsa kuma da dama sun canza adireshi, don haka bayan shigarwar ka ware lokaci ka buɗe su ɗaya-ɗaya ka goge waɗanda suka mutu.