Amsar tambayar Yaya a kan fim ɗin ɗalibin nan

Yaya, ina gaisuwa, da fatan iyali da mutanen Gusau suna lafiya. Na saurari saƙon muryarka. Ka ce da gaske ne ana nuna fim ɗin ɗalibin jami'ar nan da ya daɗe yana ɓoye cewa maza yake sha'awa har ya fito ya faɗa wa iyayensa, kuma mu Hausawan da muka yi kaka-gida a Amurka me muke cewa a kai.

Ana nunawa, a silima da cikin waya, kuma ba shi kaɗai ba ne. Nan babu hukumar tace finafinai irin ta Kano. Masu sana'ar ne da kansu ke liƙa wa fim alamar shekarun da suka dace a kalle shi, sauran ya rage wa iyaye. Ka tuna a 2015 Kotun Ƙolin ƙasar nan ta halatta auren jinsi a jihohi 50 duka, alhali a Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 a kansa, ku kuma a Zamfara kuna ƙarƙashin shari'a tun 2000. Yaran da muka haifa a nan cikin dokar Amurkan suka buɗe ido.

Maganar ta tashi ne a wata walimar suna a nan Maryland, muna zaune a ɗakin ƙasa ana zuba tuwon shinkafa da miyar kuka a farantan roba. Abin da zai ba ka mamaki, ba wanda ya tsaya gardamar halal da haram. Wannan kowa ya san karatun da aka yi masa. Inda aka kai ruwa rana shi ne wurin da yaron fim ɗin ya zauna gaban iyayensa a teburin cin abinci, uban da cokali a hannu, uwar ta kasa haɗa ido da kowa. Tambayar da ba wanda ya so ya furta ita ce: in naka ne fa?

Wani Alhaji, mutumin Argungu, ya ce shi tikiti zai yanka wa yaro ya tura shi gida a gyara masa zama. Wata Hajiya mai aikin jinya ta ce, "Alhaji, wa zai hau maka jirgin?" Aka yi dariya, amma gaskiya ta faɗa. A nan da yaro ya cika 18 ya zama mai ikon kansa. Ko kai ke biyan kuɗin jami'a, galibi ba za su nuna maka sakamakon jarrabawarsa ba sai da izininsa. Doka ce tun 1974. Likita ma haka. In ƙarami ne ka ɗaga masa hannu, malamar makaranta ta ga tabo, dole ta sanar da hukumar kula da yara. To uban da ya ce "fita mini daga gida" a Gusau ya san yaron gidan kawu ko na goggo zai faɗa, bayan kwana biyu dattawa su sa baki. A nan in ya fita, ya canza lambar waya, shi ke nan. Ba kawu, ba mai unguwa. Hajiyar ta ce ta sha ganin irin waɗannan yara a asibiti, an kawo su cikin dare sun sha magunguna, an tambaye su lambar wani nasu sun ce babu.

'Yan matan da samarin kuwa kamar wani fim daban suka kalla. Wata ɗalibar jami'a, 'yar abokina, ta ce ita abin da ya taɓa ta shi ne yadda yaron ke tsayawa gaban madubi yana bitar maganar da zai yi wa uwarsa, ya kai bakin ƙofa ya juyo. Ta ce, "Baba, duk cikinmu ba wanda ba ya da abin da yake bita haka." Wani ya bar karatun likita ya koma zane bai faɗa ba, wata tana son auren wanda ba Bahaushe ba, wani sallar ce ta fara kuɓuce masa. Ɗakin ya yi tsit. Ni dai a nan tuwon ya fita raina.

Ga inda nake ganin mun sha bamban da mutanen ƙasar nan. Mu an tashe mu a kan sutura: abin da Allah ya rufa maka, ba ka tona kanka, wanda ya gani ma ya kau da kai. Ba wai babu abin a gida ba ne, Yaya, kai malamin makaranta ne, ka fi ni sanin maganganun da ake yi ƙasa-ƙasa a makarantun kwana. Su kuwa a wurinsu wanda ya ɓoye halinsa ƙarya yake yi wa kansa da mutane, faɗin shi ne jarumta, shi ya sa fim ɗin ya ƙare da runguma da kiɗa. Yaranmu suna kwana da tarbiyya ɗaya su wuni da ɗayar. Laifin fim ɗin a wurina shi ne ya raba iyaye gida biyu, mai tafi da mai kora. Uban da ke riƙe da addininsa kam-kam amma ba zai iya jefar da ɗansa ba, ba a ba shi ko minti ɗaya ba, alhali yawancinmu nan muke.

Kar kuma ka ɗauka an ɗaure mana baki. Liman yana faɗin hukuncin a huɗuba, ba mai kama shi. A gundumar Montgomery da ke jihar nan, da hukumar makarantu ta soke damar cire yara daga darasin littattafai masu irin wannan labari a 2023, iyaye Musulmi da Kirista suka haɗa kai suka kai ƙara, kuma a Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, alƙalai 6 a kan 3. Amma kotun nan dai ita ce a 2020 ta ce ba a korar mutum daga aiki saboda wannan hali. Don haka muna aiki da su, maƙwabta ne, wani ma shi ne shugabanka a ofis. Ana gaisawa, ana mutunta juna. Zagi da duka ba sa cikin abin da muke koya wa yara, ko da doka ko ba doka.

Alhajin da Hajiyar ba su daidaita ba har aka tashi. Abin da aka tsayar kawai shi ne a roƙi malamin Islamiyyarmu ta ƙarshen mako ya riƙa zama da matasan su kaɗai, ba iyaye a wurin, su yi tambayar da suke so. Alhajin ya ce shi bai yarda da zaman da ba ya ciki ba, amma ya bar 'ya'yansa su je.

In za ka ba Inna labari, ka taƙaita mata. Ka gaishe ta, ka ce jikokinta suna nan lafiya, babbar ta kai izu goma.