Fatawa: Shin Shahara Abin Zargi Ce a Musulunci?

Tambaya: Malam, na ji mai wa'azi yana cewa shahara musiba ce, har ya kawo hadisin tufar shahara. Ga shi kuma kullum muna cewa "shahararren malami". Mene ne asalin kalmar? Ni da nake koyar da ɗinki a intanet, mabiya suna ta ƙaruwa, ina da laifi?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, kalmar shahara daga Larabci ta zo mana, daga "shuhra", kuma tushenta yana nufin bayyanar abu har kowa ya gan shi. Daga wannan tushe Larabawa suke kiran wata "shahr", saboda bayyanar jinjirinsa. Idan mutum ya zare takobi daga kube, su ce "shahara saifahu". Daga nan muka sami "mashahuri". Malamanmu na Malikiyya ma suna cewa "wannan shi ne mashhurin mazhaba". Kin ga kalmar ita kaɗai ba ta ɗauke da yabo ko zargi. Shi ya sa bakin da ya ce shahararren malami shi ne kuma yake cewa shahararren ɓarawo, kodayake na biyun mun fi cewa ya yi ƙaurin suna.

Hukunci kuwa yana bin yadda shaharar ta zo.

Wadda ta zo wa bawa ba da nemansa ba, saboda alherin da yake yi, babu laifi a cikinta. Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri cewa an tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da yake aikin alheri mutane suna yabonsa, sai ya ce wannan busharar gaggawa ce ga mumini. Annabi Ibrahim (AS) ma ya roƙi Allah ya sanya masa kyakkyawan ambato a cikin na baya, a Suratus Shu'ara, aya ta 84.

Wadda ake tsoro ita ce wadda zuciya ta mayar abin nema, musamman da aikin addini. Hadisin Abu Huraira da ke Sahihu Muslim yana girgiza ni duk sanda na karanta shi: mutum uku da za a fara yi wa hukunci, wanda aka kashe a fagen fama, da malami makarancin Alƙur'ani, da mai kyauta. Za a ce wa kowanne: ƙarya kake, ka yi ne don a ce jarumi, don a ce malami, don a ce mai kyauta, kuma an faɗa. Duba fa, ayyukan nan uku duk manya ne. "Don a ce" ɗin nan shi ya rusa su. Mu masu hawa mumbari mun fi kowa buƙatar wannan gargaɗi.

Hadisin tufar shahara kuwa, Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito shi daga Ibnu Umar: wanda ya sa tufar shahara a duniya, Allah zai tufatar da shi tufar ƙasƙanci ranar ƙiyama. Malamai sun ce ya haɗa da mai kece raini don a nuna shi da yatsa, da mai yawo da tsumma da gangan don a ce ya guji duniya.

Game da ke, tallata sana'ar halal halal ne, kuma son a san aikinki don ciniki ya ƙaru ba riya ba ce, domin ɗinki ba ibada kike sayarwa da shi ba. Amma ki kiyaye suturarki da harshenki a gaban kyamara. Kada ki sayi mabiyan bogi don a ɗauka kin fi yadda kike, wannan algus ne. Kada kuma ki ɗauki hoton mabuƙacin da kika ɗinka wa kyauta ki watsa, sai da yardarsa da wata maslaha ta gaske.

Wallahu a'alam.