Yarona mai himofiliya kullum kuka yake sai ya yi ƙwallo

Tambaya: Salam likita. Yarona shekararsa 9, himofiliya A gare shi, ciwon nan da jini ba ya daskarewa da wuri, fakta 8 ɗinsa (sinadarin da ke daskarar da jini) ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba. Tun da gwiwarsa ta kumbura bara babansa ya hana shi ko da gudu, a makaranta ma lokacin wasanni cikin aji suke barinsa, wai ba sa son jidali. Kullum kuka, ni kuma wallahi tsoro nake ji. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikis salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Tsoronki da dalili, wanda fakta ɗinsa bai kai kashi 1 ba jini kan zubo masa cikin gaɓa ko ba abin da ya taɓa shi. To kin ga kenan zaman ma bai hana ba.

Wannan magana ta “a zaunar da shi kar ya motsa” kusan kullum sai na ji ta, kuma ita ke nakasa yaran nan. Tsokar cinya ita ke riƙe gwiwa, ta ƙwauri ke riƙe idon sawu. Yaron da aka killace tsokarsa ramewa take, gaɓar ta saki, ga ƙiba ta hau kai, sai ɗan gurɗewa kaɗan jini ya taru, a ƙara tsorata a ƙara zaunar da shi, haka dai ake ta yi har jini ya zuba cikin gaɓa ɗaya sau 3 cikin wata 6, jinin nan kuwa cin guringuntsi yake a hankali. Ana haka sai a kawo mini saurayi ƙafa ta ƙi miƙewa, iyaye na cewa ai mun kula da shi, ko waje ba ya fita. Abin haushi, wani lokacin ma'aikacin lafiya ne ya ba su shawarar, don kawai ya huta da tambaya. Alex Dowsett ɗan Ingila himofiliya A mai tsanani gare shi kamar ɗanki, amma ya ci zango a tseren keke na Giro d'Italia a 2013, ya kuma a 2020. Ban ce naki ya bi sahunsa ba, shi yana samun allurar kariya, wato allurar fakta da ake yi a kai a kai tun jini bai zuba ba, yadda ya kamata, amma dai a daina cewa motsi haramun ne.

Iyo shi ne kan gaba don ruwa na ɗauke wa gaɓoɓi nauyi, sai tafiya, ƙwallon tebur, keke da hular kwano. Dambe da kokawa kam babu su. Ƙwallon ƙafa tana tsakiya, ya danganta da halin da gwiwar take ciki da ko yana kan allurar kariya, in yana kai a daidaita wasan da ranar allura lokacin da fakta ke sama. Likitan jininsa da na fisiyo (mai kula da motsa gaɓoɓi) su duba shi tukun.

Makaranta kuma kar ki tsaya roƙo, ki karɓo takarda daga likitansa mai bayanin abin da zai yi da wanda ba zai yi ba da lambar da za a kira. Galibi tsoron ɗaukar laifi ne ke damunsu.

In gaɓa ta yi ɗumi ko ya ce yana jin wani iri a ciki, ki yarda da shi, su kan ji kafin kumburi ya fito. Allurar fakta da wuri, hutu, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a ɗaga ƙafar. Kar wani mai gyaran targaɗe ya murza ko ya ja, ƙara jinin yake. Ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac, farasitamol ya isa, ban da allurar tsoka. In kuwa kai ya bugu, ko yana dariya a tafi asibiti a lokacin.