Rafin Medano: wane wata za mu je, me za mu saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Denver da iyalina. Muna son kai yara rafin Medano da ke gindin tuddan yashi na gandun Great Sand Dunes, amma hutuna sai Yuli. In jira, ko in nemi a matso min da shi? Sannan uwargida ta ce mu sayi allon sulun yashi. Daga wani magidanci a Kolorado.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka nemi a matso da hutun. Rafin nan ba ya kai shekara da ruwa. Dusar ƙanƙarar da ke narkewa a duwatsun Sangre de Cristo ce ke cika shi, kuma ya fi kawowa daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. A Yuli galibi ya janye daga kusa da wurin ajiye motoci, sai jiƙaƙƙen yashi da sauro. Tafiyar kusan awa huɗu daga Denver ba ta cancanci wannan ba.

Abin da ke kai mutane can ba zurfi ba ne, don sau da yawa ruwan iyakarsa idon sawu ko sha-raɓa. Igiyar ruwan ce. Yashi na taruwa a ƙarƙashi ya yi ɗan shinge, ruwa ya taru a bayansa, shingen ya ɓalle, sai igiya ta taho, kamar duk daƙiƙa 20. Yara sukan zauna cikin ruwan suna jiranta, ga sanyi kamar daga firij aka zubo. Ƙarfinsa ya danganta da yawan ƙanƙarar shekarar, saboda haka ka duba shafin hukumar gandun kafin ka biya masauki. Ka kuma kauce wa hutun Memorial Day na ƙarshen Mayu, cunkoso ba a magana. Tsakiyar mako ya fi.

Batun allo kuwa, a ba uwargida haƙuri, kada ku saya. Abin da za a hau sau ɗaya a shekara haya ta fi. Ba a bayarwa cikin gandun, sai a shagunan waje, har da na garin Alamosa, don haka ku karɓa tun a hanya. Kada ku ɗauko na sulun ƙanƙara da ke gida, ba ya tafiya a busasshen yashi.

Kuɗin nan a sa su a takalmi. Silifa ta isa cikin ruwa, amma hawan tudu sai sau-ciki, domin da rana tsaka zafin yashin kan kai digiri 65 a ma'aunin Celsius. Wanda ya taɓa taka rairayi ba takalmi da azahar a watan bazara ya san zancen. Ku hau tun da safe, ku sauko rafi in rana ta take. A riƙe ruwan sha da yawa, don wurin ya kai tsayin mita 2,500 sama da teku, numfashi kan yi wa baƙo nauyi. In hadari ya taso da walƙiya, ku bar kan tudu nan take.