Amsar tambayarka kan sikanin littattafan laburare

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka fara sikanin littattafan da laburaren makarantar nan ya aiko shagonmu na Shomolu a Legas, wato ɗaukar hoton shafukansu da na'ura, alhali da kuɗinsu suka saye su, kuma su suka ce a ɗora su a intanet. Abin da suka saya takarda ce da tawada, amma haƙƙin kwafa da yaɗawa yana hannun marubucin ko kamfanin da ya damƙa wa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wannan haƙƙi yana nan muddin marubuci yana raye, sannan ya ƙara shekara 70 bayan shekarar rasuwarsa. Wanda ya rasu a 1981, magadansa ke da ta cewa har ƙarshen 2051.

Za ka ji abokan sana'a suna cewa ai Google ma ya kwafi miliyoyin littattafai tun 2004, kuma kotun Amurka ta wanke shi a 2015. Haka ne, sai dai shekara goma aka yi ana shari'a da marubuta, kuma abin da ya cece shi shi ne 'yan layuka kawai yake nuna wa mai bincike. Internet Archive, wani laburaren intanet na Amurka da ya riƙa sikanin littafi yana ba da aronsa sukutum, ya sha kaye a kotu a 2023. Dokarmu ta sassauta wa laburare wajen kwafa domin adanawa, ta kuma sassauta domin makafi, amma ba ta yarda a buɗe wa duniya littafin wani ba da izininsa ba.

Saboda haka ka fara da tantancewa. Rubuce-rubucen Shehu Usman Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, na kowa ne, ko da yake sabuwar fassararsu tana da mai ita. Waɗanda suka fi damuna su ne ƙananan littattafan labaran Hausa na Kano, waɗanda marubutansu, da yawansu mata, suka buga da guminsu, domin su ake fara dannewa da hujjar cewa ba a san inda mai littafin yake ba. Rashin samunsa bai zama izini ba. Ka rubuta sunan kowane marubuci da maɗaba'arsa, laburaren ya nemo mana izini a rubuce. Littafin da ba a samu nasa ba, mu mayar musu da shi yadda ya zo.