Sai an sa Windows kafin Steam Deck ta yi mini aikin makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗalibi ne ni a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ajin ƙarshe. Kwamfutata ta mutu ina tsaka da rubuta furojet, ba abin da ya rage mini sai Steam Deck, ƙaramar kwamfutar wasanni ta hannu, da yayana ya bar mini. Wani mai gyara ya ce Linux ɗin cikinta, wato manhajar da ke tafiyar da ita, na 'yan kutse ne, ba ya buɗe fayil ɗin Word, sai ya goge ya sa mini Windows da Office. Wallahi hankalina a tashe yake, ranar miƙa aiki ta matso. Daga wani ɗalibi a Runjin Sambo.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, kada ka bari a goge komai. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe, ka zaɓi Switch to Desktop, sai ga KDE Plasma, wato fuskar kwamfuta mai kama da ta Windows. Shiga Discover, wurin sauke manhajoji, ka sauke LibreOffice, manhajar ofis irin Office. Writer ɗinsa, takwaran Word, yana buɗe docx, wato fayil ɗin Word, yana kuma adanawa a docx. Haɗa kibod da linzami ta Bluetooth, ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Amma maganar mai gyaran nan ita ta ɓata mini rai, don kusan kullum sai na ji irinta a garin nan. Wai Linux na 'yan kutse ne! To wayar Android da ke aljihunsa, a kan me take tafiya in ba Linux ba? LibreOffice kuma tun 2010 masu shi suka sake shi kyauta, lasisinsa ya yarda ka sauke, ka raba wa wanda ka so. Shi kuwa Office ɗin da zai sa maka, tambaye shi takardar lasisi ka ga yadda zai kama kame-kame. Fasasshe ne, wato na sata, daga filashin da ya shiga kwamfutoci ba adadi. Kafin ya zauna sai an kashe Defender, manhajar tsaron Windows, wato ka kori maigadi da hannunka, sannan ka buɗe imel ɗinka da asusun bankinka a ciki. Na halas ya zama abin tsoro, na sata ya zama gyara, har da kuɗin aiki a kai. Jama'a, mu ji tsoron Allah. In ba ka san abu ba, ka ce ba ka sani ba, kada ka goge wa ɗan mutane na'ura don ka rufe jahilcinka.

Kafin ka kai wurin buga takarda, fitar da aikin a PDF, don shafuka kan ɗan goce in aka buɗe a Word. Sai zafi: Valve, kamfanin da ya ƙera Steam Deck, sun ce na'urar ta fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu Sakkwato kan haura 40. Kada ka ɗora ta a katifa ta toshe hanyar iska, kuma ka riƙa kwafe furojet ɗin a filashi kowane dare.